Shekarar da Aka Ba Ni Ɓarawo

A garinmu, wani ƙauye tsakanin Dogarawa da Malbaza, idan aka gama girbi aka ɗaure damman hatsi, manya kan sauka daga mulki na yini guda, yara su hau. Wasan kara-kara muke ce masa. Mu naɗa sarki da rawanin tsumma, mu yi liman, mu yi kumandan, mu yi jandarma da bindigar kara, mu yi likita da allurar da ta kai taɓarya tsawo. Agogo, tabarau, rediyo, duk na kara. Wata shekara mun ƙera jirgin sama da fikafikansa, wanda da an samu mai zuba masa mai, da daga Makka nake ba ku wannan labari.

Kayan kara dai ado ne. Wasan kansa mutane ne. A wurinmu ba a yin liman haka kawai, limaminmu ake yi, da tarinsa da yadda yake sosa gemu da ɗan yatsa guda. Kowane ɗan wasa yana da mai shi, mai shi kuma yana zaune a gefen fili yana kallon kansa. Daɗin abin ga 'yan kallo shi ne canka. Yaro ya shigo ya yi taku kaɗan, mata su ɗauki shewa: “Wane na! Wallahi wane na!” Wato wane ne, a bakin garinmu. In ba a canka ba, yaron ya faɗi, uwarsa ta sha gori a bakin rijiya har damina.

Ni ne gwanin garin a wannan fanni, ku tambayi duk wanda ya rage. Na taɓa yin tafiyar mahaucinmu daga bakin kasuwa, karensa ya bar shi ya biyo ni har gida. Na taɓa yin gyaran muryar wani maƙwabcinmu a ƙofar gidansa, matarsa ta miƙo mini akushin tuwonsa ta saman zana ba ta ko leƙa ba. Na cinye. Tun daga ranar na fara tara wannan tumbi.

Shekarun yunwa ba mu yi wasa ba. Wanda ya wuni a kan dusa da ganyen tafasa ba ya kwaikwayon kowa. A cikin yunwar nan ne kuma abin ya faru. Garinmu yana da rumbun tsimi, babban rumbun laka a bayan gidan mai gari, inda kowane magidanci yake ajiye irin shukarsa don kada yunwa ta sa ya cinye. Babana ne mai tsaronsa. Shi yake hawa tsani ya liƙe bakin da laka, ya danna tafin hannunsa a kai, a kifa jinka. Shi kuma yake fasawa ranar da ruwan shuka ya sauka. Shekarar da soja suka karɓi mulki, da aka yi ruwa aka fasa, sai aka tarar hatsin ya yi ƙasa sosai. Lakar bakin kuwa tana nan lafiya lau, da tafin hannu a kanta.

Ba wanda ya ce wa Baba ɓarawo. Da ma sun faɗa, da ya fi sauƙi. Gaisuwa ce ta gajarce. Mutanen da suke tsayawa su tambayi gida da gona da jaki sai suka koma “Ina kwana” suna wucewa. Sarkin noma, wanda ya fi kowa zuba iri a rumbun, shi ne yake jefa magana a majalisa, wai shi dai bai taɓa ganin laka ta buɗe kanta ta kuma rufe kanta ba. Dattijai suka ce a bari a yi noma tukuna, in an gama girbi za a zauna a yanke ko a bar rumbun a hannun Baba ko a karɓe. Kowa ya san ma'anar karɓewa.

Wata rana ina ba jaki harawa, Baba yana gyaran zana, na ji yana ce wa Inna:

“In sunka amshe, ba ni ƙara kwana garin ga. Mu tahi wajen ƙanena, ƙasar Sakkwato.”

Daga ranar na ga Inna ta fara jera ƙoren ɗakinta ɗaya cikin ɗaya tana ɗaurewa da ragaya.

Ni kaina akwai abin da yake ci mini rai. A tsakiyar yunwar, akwai kwanakin da muka sha furar gero a gidanmu alhali maƙwabta suna dakan dusa. Inna ta ce wani ɗan'uwanta ne ya aiko daga Konni. Na sha, na lashe ludayi, ban tambaya ba. Har yau ban tambaya ba.

Allah ya ba mu damina mai kyau. Da kaka aka turo mana sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, wani saurayi Bazabarme daga Yamai, siriri kamar karan dawa, da tabarau. Mushe muke ce masa, malam ke nan da Faransanci, kamar kowane malamin lakwal. Lokacin an fara maganar tada samariya, ƙungiyar matasan gari, shi kuma ya koyi teyatur, wasan kwaikwayo irin na boko, a makarantar malamai. Da ya ji labarin wasanmu sai ya tara mu ƙarƙashin dogon yaro, 'yan lakwal da masu kiwon awaki, maza da mata. Ya ce bana yana so mu yi labari guda, mai farko da ƙarshe, wanda mutane za su koma gida da darasi.

“Wasan naku ne,” in ji shi. “Ku zaɓi labari, ku raba kanku, ku nemo maganarku. Ni ɗan kallo ne.”

Ya koma gindin itace ya zauna, ya naɗe hannu.

To, yaran da suka shafe damina suna jin raɗar manya, wane labari za su zaɓa? Wani ɗan mitsitsi mai majina ya daka tsalle ya ce, “Ɓarawon rumbu!” Sauran suka amsa kamar an watsa wa kaji tsaba. Mushe ya tafa, bai san komai ba, shi darasin adana iri kawai ya hango. Aka zaɓi abokina, ɗan sarkin noma, ya zama sarki, don ya iya muryar mai gari. Aka zaɓi taubashiyata, ɗiyar gwaggona, ta zama shugaban jandarma. Ba a taɓa ba mace bindiga ba, amma ita da bakinta ta ƙwata, ba wanda ya iya tsayawa gabanta. Da aka zo kan ɓarawo, wanda shi ne uban wasan, duk hannuwa suka nuno ni. Wasu don gwanintata suka nuna. Wasu na ga suna kallon juna.

Na ce, “Mushe, wane ɓarawo za ni yi?”

“Ɓarawo kawai.”

“Na wane gida?”

“Ba na kowane gida ba. Ba kowa ba ne. Mutum ne da muka ƙirƙira.”

Yara suka fashe da dariya, har da masu birgima. Taubashiyata ta riƙe ƙugu ta ce, “Mushe, mutum babu mai shi? To tahiyar wa za shi yi?”

“Tafiyar ɓarawo.”

“Ai ɓarawo da ƙahwar mutane shika tahiya.”

Mushe ya yi murmushi ya ce za mu gane a hankali. Ni kuwa tuni na gane. Duk tafiyar da na shiga fili da ita, gari zai canka. Duk wanda aka canka kuma, shi ne ya buɗe rumbun tsimi, yara sun faɗa.

Na ja taubashiyata bayan gida, ta zauna a kan turmi, na ce ta zama 'yar kallo. Na ƙirƙiro wata tafiya ta sanɗa, ina duƙe.

“Wanzami na,” ta ce, ba ta ko ɗaga kai sosai ba.

Na miƙe na yi ta da dogayen taku.

“Ladan na.”

Na karkace, na haɗa gwiwa, na yi wata tafiya da ban taɓa gani a duniya ba.

“Mai awo na, ranar da basir ya tashi mai.”

Na faɗi ƙasa na ja ciki.

“Gurgun bakin masallaci. So kake a ce shi yah hau tsani?”

Na ce to zan yi kura, da ƙafa huɗu.

“Madalla, wawa. Ga tsohuwa can bayan gari da aka ce ma mayya. Ka yi kura, gobe a jehe ta.”

Ashe duk garin nan na haɗiye shi. Ba wata gaɓa a jikina da ba ta da mai ita. Na tsaya ina haki. Ta ce, “To yi taka ta kanka mana, mu gani.”

Na saki jiki na taka daga bakin rumbunmu zuwa turken jaki, yadda nake tafiya in ba wanda nake kwaikwayo. Da na juyo na ga dariyar ta bar fuskarta.

“Kada ka ƙara,” ta ce a hankali. “Kawu na. Tun daga kahwaɗa har ƙurar da kake tadawa.”

Baba ya taɓa faɗowa daga kan rumbu yana saurayi, kafaɗarsa ta hagu ta sauka, ƙafar dama kuma tana sharar ƙasa. Ni ban faɗo daga ko'ina ba. Bin bayansa na yi tun ina rarrafe, na kwashe duka ban sani ba. Shi ne mutum na farko da na kwaikwaya, shi kaɗai ne kuma ban iya cirewa ba.

Washegari mu uku, ni da ita da abokina, muka tsare mushe bayan an tashi lakwal, muka zayyana masa komai. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce a fasa labarin, a zaɓi wani.

Abokina ya girgiza kai. “Maroƙi ya riga ya shela ranar kasuwa, har mutanen Dogarawa sun ji. In anka hwasa, cewa za a yi mai tsaron rumbu yaz zo ya roƙa.”

“To wani ya yi ɓarawon.”

“Ɗan baffana shina nan shina jira,” in ji abokina, yana kallon ƙasa. “Tun jiya shika gwada tahiyar a zaurenmu. Ana ba shi goro.”

Ba sai ya faɗi tafiyar wa ba. Sai taubashiyata ta ɗaga kai.

“Akwai mutum guda da ba shi garin ga lokacin da anka buɗe rumbu.”

Muka bi idonta. Mushe ya waiga bayansa, ya ga bango, ya juyo.

“Ni?”

“Kai hwa, mushe. Ba mai cewa daga Yamai kam miƙo hannu.”

Mushe ya dube mu. Sannan ya yi wata 'yar dariya mara ƙarfi, ya ce ai uwarsa tana nesa, ba za ta ji ba. Ya tashi ya riƙa kai da kawowa a cikin aji don in ɗauka. Tafiyarsa kuwa kyauta ce daga Allah: a kan yatsu, da sauri, hannu a baya, wuya a gaba kamar zabuwa ta hango fara. Kafin la'asar na iya mushe fiye da mushe.

A hanyar gida na ce wa abokina, “In abu ya ɓaci a hili, kana tare da ni?”

Ya tsinki kara ya sa a baki. “Ni sarki na na yini guda. Sauran kwanakin ɗan babana nike.”

Ban ji haushinsa ba.

Aka sa wasan ana gobe zaman dattijai. Filin ƙofar mai gari ya cika har kan katanga, mutane daga ƙauyukan kewaye, wasu a kan amalanke, wasu a kan rassan itace kamar jemagu. Na yi ta addu'a Baba ya tafi gona. Sai ga shi da rigarsa ta Juma'a, ya shimfiɗa buzu a gaba-gaba, shi kaɗai, da ɗan fili tsakaninsa da na kusa da shi.

Maroƙi ya buga ganga ya faɗi dokar da ake faɗi kowace shekara. Daga yanzu har a tashi, mulki na yara ne. Manya su yi dariya, su yi shewa, su canka in an shigo, amma ba babban da zai jefa magana cikin shari'ar fili. Wanda bakinsa ya shiga, jandarma su kama shi, abin da sarkin kara ya yanke kuma ya zauna. Yawanci goro ake ci tara, a yi dariya a wuce. Mai gari ya sauka daga kujerarsa ya zauna a tabarma, abokina ya hau turmi da rawanin tsumma.

Aka fara lafiya. Liman na kara ya yi tari, limamin gaskiya ya yi dariya har tarin gaskiya ya kama shi. Likita ya bi wani dattijo da allura. Ina bayan zana ina jiran lokacina, da damin da muka yi gwaji da shi, na kara zalla, wanda ɗan yaye ma zai ɗauka. Sai ga barorin sarkin noma su biyu suna nishi, sun ɗauko damin gero na gaskiya, suka dire a gabana.

“In ji sarkin noma. Shekarar ƙoshi ba a wasa da kara wohi. Gudummawa tai ta.”

Maroƙi ya riga ya hango, ya kama kirari, jama'a suna tafi. Ko da kyakkyawar niyya ya aiko, ko da wata, ban sani ba, ba kuma damar mayarwa. Damin sarkin noma kuwa ba irin na mutane ba ne. Na rantse da za a buɗe shi a tsakiyar Konni, da garin ya ci har sallah.

Na hau rumbun kara da muka gina, na leƙa dama da hagu, na sauko. Yara biyu daga bayan zana suka taimaka aka aza mini damin. Wuyana ya shige cikin ƙirjina. Na tashi a kan yatsu, na miƙa haɓa gaba, na fara sauri.

“Mushe na! Wayyo Allah, mushe na!”

Fili ya kece. Mushe ya miƙe ya duƙa wa jama'a, ya ɗaga hannu kamar wanda aka kama. Mata suna faɗuwa a jikin juna. Na ce a raina, Alhamdu lillahi, saura in kewaye fili in kai bakin zana inda jandarma za su cafke ni.

Filin nan na san shi tun ina tsirara, amma ranar an ƙara masa faɗi. Tafiyar mushe tana son hannu a baya, nawa kuwa duka biyu suna sama suna riƙe da dami. Tana son yatsu, yatsuna kuma suka fara rawa. Kafin in kai gaban majalisar dattijai, diddigena ya sauka ƙasa. Na ɗaga shi, ya koma. Zangarniya tana sukar wuyana, gumi yana shiga idona. Na ji kafaɗata ta hagu tana sauka, na ce mata tsaya, ta ƙi. Na ji ƙafata ta dama ta buɗe waje ta fara sharar ƙasa.

Dariyar ta fara mutuwa daga ɓangaren mata, ta bi layi har kan katanga. Ba wanda ya canka. A garin da ba a taɓa barin tafiya ta wuce ba a kira mai ita ba, mutane suka yi tsit, har ina jin ƙarar ƙafata a cikin rairayi. Ta ƙarƙashin damin na hango Baba. Bai sunkuyar da kai ba. Yana kallona sosai, hannuwansa a kan gwiwa.

Na tsaya cak. In na ƙara taku, na ƙara faɗa. In na jefar na gudu, na faɗa gaba ɗaya.

Sai muryar sarkin noma ta fito daga majalisa, a sake, kamar mai hira:

“A'a. Wagga tahiya ai mun san ta.”

Taubashiyata ta busa usur ɗin lakwal da mushe ya ara mata. Ta fito da jandarmominta, 'yan yara masu hular kwali, babbansu bai kai ƙuguna ba. Na ɗauka ni za su kama, na ma fara godiya. Suka wuce ni. Ta je ta tsaya gaban sarkin noma, ta buga ƙafa.

“Baba sarkin noma, bakinka ya shiga hili.”

Ya yi dariya, ya zaro goro daga aljihu ya miƙa mata. “Ungo, ɗiyata, ga tararku.”

“Ba ni ka yankewa ba. Sarki na.”

Duk kawuna suka juya kan abokina. Yana bisa turmi, rawanin ya jiƙe. Ubansa ya kalle shi, kallon da na san ma'anarsa don na sha ganinsa a zaurensu. Na dubi mai gari na gaskiya ko zai tsawatar. Mai gari ya samu wani abin sha'awa a saman dogon yaro, yana ta kallo. Ni kuma ina tsakiyar fili, dami yana nutsar da ni cikin ƙasa.

Ban san tsawon shirun nan ba. A lissafina an yi damina biyu a cikinsa.

Abokina ya yi gyaran murya irin na mai gari.

“A kawo shi.”

Dattijan da suke zaune dama da hagun sarkin noma suka ɗan ja buzayensu. Ya duba ko'ina, bai ga mai tare masa ba. Ya tashi, ya kakkaɓe riga, ya biyo 'yan hular kwali har gaban turmi.

“Damin ga na wa na?” in ji sarkin kara.

“Nawa na.”

“Ranka shi daɗe aka cewa,” in ji taubashiyata.

Haƙoran sarkin noma suka yi ƙara. “Nawa na, ranka shi daɗe.”

“To mai dami shi ɗauki kayanai, shi kewaye hili.” Abokina ya gyara rawani. “Mu ga tahiya tai.”

Aka sauke mini, na zube a gindin rumbun kara. Barorin nan biyu suka aza wa ubangidansu, ba su yarda sun haɗa ido da shi ba. In faɗi gaskiya, ƙaƙƙarfan mutum ne. Ya tashi da shi kamar ingarma, ya ci rabin fili ƙirji a buɗe. Amma ya daɗe rabonsa da ɗaukar kaya, yana da masu ɗaukar masa. Babbar rigar ta fara harɗe shi. Hular ta zame ta rufe ido guda. Kafaɗa ta karkace, ƙafafu suka buɗe, ya koma tafiya kamar agwagwa mai ƙwai.

Ba tafiyar Baba ba ce, ban ce ita ce ba. Amma mutanen garinmu ba sa iya ganin tafiya su yi shiru sau biyu a yini guda. Wata mata ta ƙwala: “Mahauci na!”

“Ina! Mai awo na!”

“Ku tahi can,” in ji wata tsohuwa mara haƙori, “mijina na, Allah shi jiƙan shi, ranar da yad dawo daga Tajaye da buhun gishiri!”

Fili ya ɓarke. Kowa yana kiran wani, wanda aka kira yana tashi yana rantsuwa. Taubashiyata ta ce duk bakinsu ya shiga shari'a, ta saki jandarmominta a kan jama'a. Aka kama liman, aka kama tsohuwar, wani ɗan jandarma ya kama uwarsa ta ɗauke shi ta goya. Rumbun kara ya rushe a kaina. Ba a yi wa ɓarawo shari'a ba, ba a faɗi darasin adana iri ba. Mushe yana tsaye yana riƙe da kansa.

Ni ban yi dariya ba. Da na fito daga ƙarƙashin kara na duba gaba-gaba, buzun Baba ba ya nan. Na hango bayansa ya kusa shan kwana, shi kaɗai.

A gida bai ce mini komai ba. Ni ɗan fari ne, dama ba ya yi mini magana kai tsaye, sai dai ya ce wa Inna “gaya ma yaron ga”. Ranar ko wannan ban samu ba.

Da hantsi dattijai suka shiga zauren mai gari. Muka hau katangar masallaci muna leƙe, ba ma jin komai sai tashin murya da saukarta. Abokina ba ya cikinmu. An ce ubansa ya yi masa dukan da sai da maƙwabta suka shiga, da sassafe kuma aka ɗora shi a amalanke zuwa wajen kakarsa a Tajaye. Rana ta take, inuwar katanga ta ƙare, muna nan. Na riƙa kallon gidajen garin ina tunanin ko a ƙasar Sakkwato akwai wanda zan iya kwaikwayo.

Da suka fito, ladan ne ya faɗa wa jama'a. Rumbu yana nan a hannun Baba. Amma daga bana tafin hannu biyu za a danna a lakar, nasa da na sarkin noma, kuma ba mai fasawa sai ɗayan yana tsaye.

Wannan ba wankewa ba ce sosai, ba kuma kamawa ba ce. Na sauko na bi Baba a baya, nesa-nesa, ina jiran in ga ko zai karɓa. Ya shiga gida ya zauna a kan buzu. Inna ta kawo ruwa, ta tsaya. Ya sha, ya daɗe yana kallon cikin ƙwaryar.

“Gaya ma yaron ga shi ɗaura ma jaki mangala,” ya ce. “Akwai ɗibar laka.”

Ranar liƙe rumbu aka yi wani wasan, wannan karon na manya. Baba ya ce shi ne mai tsaro, shi zai fara hawa. Sarkin noma ya ce ba zai tsaya ƙarƙashin ƙafar kowa ba. Sai da mai gari ya aika aka aro tsani na biyu. Suka hau ta gefe biyu, suka haɗu a sama ba gaisuwa, kowa ya danna hannunsa yana kallon wani wuri. Haka suka yi ta yi kowace kaka har gwiwoyin sarkin noma suka gaza. Wanda ya buɗe rumbun a shekarar yunwa kuwa, ba a taɓa sani ba.

Kwana biyu bayan zaman dattijai na roƙi wani mai amalanke ya ɗauke ni zuwa Tajaye. Inna ta ƙulle mini ƙuli-ƙuli in kai. Na tarar da abokina a bayan gidan kakarsa yana kwance rub da ciki a kan tabarma, don bayan bai yarda da kwanciya ba tukuna. Na zauna, na rasa ta inda zan fara godiya. Ya karɓi ƙullin ya kwance, ya jefa guda a baki, ya tauna ya tauna.

“Baɗi kai ka yin sarki,” ya ce. “Ni jaki za ni yi.”